Wasu Sun Yi Digiri da Rininmu, Mu Fa?

Daga 'yan aji biyu na ƙungiyar 'yan jarida



A jadawalin da ke manne a bangon kowane aji na ƙaramar sakandare akwai darasin CCA, wato al'adu da fasahar zane. A takarda yana nan daram. A aikace kuwa kowa ya san yadda ake yi da lokacinsa. Idan darasin lissafi bai ƙare ba, sai a ɗora a kansa. Idan baƙi za su zo, a lokacinsa ake cewa a fita shara. Idan babu ko ɗaya, sai monita ya yagi takarda ya fara rubuta sunayen masu surutu. Da jarrabawa ta matso sai a cika mana allo da rubutu, mu kwafa, mu haddace ma'anar launi ba tare da mun taɓa launin da hannunmu ba.

Mu a wannan ƙungiya muna ganin wannan asara ce, kuma a wannan yanki namu na Kura da Bunkure asarar ta fi ta ko'ina girma. Muna roƙon a karanta dalilanmu har ƙarshe kafin a ce yara ne ke neman lokacin wasa.

Da yawa daga cikinmu sun ɗauka zane abu ne da ake yi a bayan littafi idan malami ya fita, a zana mota ko fulawa, a girma a bari. To, zane fanni ne na karatu kamar likitanci da aikin lauya, kuma yana da matakala har sama. Bayan babbar sakandare akwai digirin farko, shekara huɗu. Bayan bautar ƙasa mutum yana iya komawa ya yi digiri na biyu. Daga nan sai na uku, wanda ake kira digirin digirgir, a fara ce wa mutum Dokta. Dokta a zanen yadi, Dokta a ginin tukwane. Mun san wasu za su yi dariya idan sun zo nan, amma haka abin yake.

Kuma ba sai an hau jirgi ba. Titin nan da motocin tumatur ke bi su wuce Kudu, shi ne yake kaiwa Zariya. A Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da sashen zane-zane da sassaƙa, tana kuma da sashen da ake koyar da tsara kayan masana'antu, inda ake karantar zanen yadi da rini, da aikin tangaran, da zanen abubuwan da ake bugawa kamar tambari da bangon littafi da kwalin kaya. Tun kafin a buɗe jami'ar ma ana koyar da zane a Zariya. A 1958 wasu ɗalibai a can, irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya. Abin da ya dame su shi ne, Turawan da ke koyar da su salon Turai kawai suke nuna musu. Suka ce za su karɓi abin da ke da amfani a ciki, amma za su haɗa shi da fasahar garuruwansu. Uche Okeke ya koma kan uli, wani zane da matan Ibo ke yi a jiki da bangon ɗaki, kusan kamar lallenmu. Dukansu huɗun nan sun zama manyan masu zane da duniya ta sani. Dukansu kuma daga Kudu suka taho, suka yi karatun a ƙofar gidanmu.

Mun tambayi abin da mai digiri na biyu a wannan fanni yake yi, domin mun ɗauka zama ne a ɗakin karatu kawai. Ashe ɗalibi yakan zaɓi matsala guda ɗaya, ya ba ta shekara biyu ko fiye. Ya karanta abin da na gabansa suka rubuta, ya je wurin masu sana'ar ya tambaya, ya shiga ɗakin aiki ya gwada da hannunsa, abu ya lalace ya sake. A ƙarshe ya baje abin da ya ƙera a gaban malamai, ya kawo littafin da ya rubuta a kai, su yi masa tambayoyi, ya kare kansa. Wato hannu da ƙwaƙwalwa tare suke aiki.

To wace matsala ɗan Kura zai zaɓa? Ai ba sai ya je nema ba.

Yau idan aka ce Kura, shinkafa ce ke zuwa ran mutane. Amma madatsar ruwa ta Tiga, wadda ruwanta ke bin kanal ya shayar da gonakinmu, a 1974 aka gama ta, zamanin Gwamna Audu Bako. Kakanninmu da yawa sun girme ta. Kafin ruwan Tiga, sunan garin nan da rini ya tafi duniya. Akwai rawanin da ake kira ɗan Kura, baƙi wuluk mai sheƙi. Akwai turkuɗi, wanda Buzaye ke naɗawa a kai su rufe fuska da shi, har shuninsa ya rine musu fata, suna kuma alfahari da hakan. Mutum yana can cikin sahara, bayan Agadas, bai taɓa ganin garinmu ba, amma sunan garinmu yana naɗe a kansa. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya shigo Kano a 1851, ya rubuta cewa tufafin da ake saƙawa a rina a ƙasar Kano suna kaiwa har Tambutu da Tarabulus.

Duk wanda yake da kaka marini, ya je ya zauna kusa da shi ya tambaye shi yadda ake haɗa karofi. Zai ji abin mamaki. Ana samo ganyen baba a daka a shanya. Ana zuba shi a rijiyar rini da ruwa da toka da katsi, a bar shi kwanaki yana ruɓa, ana motsawa, har ya nuna. Marini yana gane ya nuna ta kumfarsa da warinsa, ba shi da wata na'ura. Idan aka tsoma farin zane aka ɗago, ba shuɗi yake fitowa ba, kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi ya juye shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagowa, sau da yawa, har ya yi duhun da ake so. Daga nan sai mabuga, inda ake ɗora shi a kan gungume, a barbaɗa shuni, a yi ta dukansa har ya ɗauki sheƙi kamar ƙarfe. Shi kansa ƙyallen turkuɗin siraran layuka ne ake saƙawa, a jera su a ɗinke ɗaya bayan ɗaya.

Malaminmu na kimiyya ya ce juyewar nan daga kore zuwa shuɗi aikin iskar da muke shaƙa ne a kan sinadarin baba, kuma 'yan babbar sakandare suna karanta irinsa a darasin kimiyyar sinadarai. Kun ga ke nan tsohon da ke bakin karofi da hannu shuɗi har gwiwar hannu, kimiyya yake yi, bai dai sa farar riga ba. A 1897 wani kamfani a Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, kuma irin wannan shunin ne ake rina wandon jins da samari ke sawa. Launin da duniya ke sawa a ƙafa, mu a rijiya muke haɗa shi tun kaka da kakanni.

Ga abin da ya sa muka yi wannan rubutu. Wani Ba'amurke mai suna Philip Shea ya zo ƙasar Kano ya bi marina da masaƙa da fatake yana tambaya yana rubutawa. A 1975 Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta ba shi digirin digirgir a kan tarihin rinannun tufafin Kano da ake fitarwa waje a ƙarni na 19. Daga baya ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero. Wani Bature kuma, David Heathcote, ya yi nasa digirin digirgir a Jami'ar Ahmadu Bello a 1979, a kan ɗinkin rigunan Hausawa, wato irin su aska biyu da aska takwas da ake yi wa babbar riga. Ba mu ga laifinsu ba ko kaɗan. Sun kyauta ma, domin da ba su rubuta ba da abubuwa da yawa sun bi tsofaffi kabari. Amma a duba lamarin da kyau. Mutum ya ƙetaro teku, ya koyi Hausa, ya zauna a tabarmar kakanninmu, ya tashi da Dokta. Mu jikokin masu tabarmar, a lokacin darasin zane ana ba mu tsintsiya.

Kuma lokaci ba ya jiranmu. Ku zagaya ku ƙirga rijiyoyin rinin da suka rage suna aiki, ku ƙirga waɗanda aka cike da shara ko aka yi gini a kansu. Ku duba shekarun masu aikin. Samari sun koma gona da acaɓa da sayar da waya, kuma ba a ga laifinsu ba, kowa inda zai samu yake bi. Sai dai ilimin karofi ba a littafi yake ba, a kan mutane yake. Ranar da tsoho na ƙarshe da ya san warin baba idan ya nuna ya kwanta dama, ko an kawo kuɗi buhu-buhu ba za a sayo shi ba.

Wani zai ce to ai zamani ne ya wuce rini, a bar shi ya tafi. Mu dai mun ga zamani bai wuce zane ba. Ku shiga Kantin Kwari ku ga atamfa. Wadda iyayenmu mata suka fi so a saka musu a lefe, ta Holan, kamfanin Vlisco ne ke yin ta a ƙasar Holan, kamfanin da ya faro tun 1846. Akwai mutanen da aikinsu ke nan a can, su zauna su zana fulawa da ganye da tsuntsu, a buga a yadi, a kawo mana mu saya da tsada. Masu araha kuma daga Sin ake kwararo su, yayin da yawancin masaƙun Kano na Bompai da Sharaɗa da Challawa suka rufe. Auduga auduga ce ko'ina. Abin da ke sa uwa ta ɗaga wannan turmi ta ajiye wancan, zanen da ke jiki ne. Kuɗin zanen nan wani ne ke karɓa, kuma ba ɗan Kura ba ne.

Ko a gona ma haka ne, ga wanda bai damu da tufafi ba. Shinkafarmu tana da kyau, iyayenmu mata sun iya turara ta. Amma sau nawa muka ji ana juye shinkafar gida a buhu mai tambarin waje don ta yi daraja a kasuwa? Buhun ne aka saya ke nan. Wani ne ya zauna ya zaɓi launinsa da rubutunsa. Ga kwandon tumatur da ake lodi da shi a Kwanar Gafan, a ɗora wani kan wani har Legas, na ƙasa ya isa ya zama miya. Yadda za a yi mazubin da zai ɗauki nauyi, iska ta shiga, kuma manomi ya iya sayensa, wannan tambaya ce ta mai tsara kaya. Ga kwalbar maganin feshi, bayaninta da Turanci, ƙananan haruffa kamar ƙwayar gero, manomi ya auna da ido ya fesa babu abin rufe hanci. Ga bakin kanal inda ƙannenmu ke wanka, ga zurfi ga tsargiya, babu allon gargaɗin da yaron da bai iya karatu ba zai gane da kallo ɗaya. Wanda ya taso a nan ya fi kowa sanin waɗannan, idan ya samu horo.

Mun san abin da iyaye ke cewa, domin a gidajenmu muke ji. Na farko, kuɗi. Mun yi lissafi: mai shekara 13 a aji biyu, idan ya gama aji uku, ya yi uku a babbar sakandare, huɗu a jami'a, ɗaya bautar ƙasa, biyu a digiri na biyu, ya kai shekara 24. Idan zai ɗora na uku, a ƙara aƙalla uku. Wannan idan ba a yi yajin aiki ba ke nan. Shinkafa kuwa wata huɗu ta nuna. Uban da ke da 'ya'ya takwas da kadada ɗaya, idan ya ce ba zai iya ba, gaskiya ya faɗa, kuma ba mu da bakin musa masa. Yawancinmu ba za su kai can ba, mun sani. Amma ai likita ma shekara shida yake yi kafin digirin farko, kuma babu wanda ya ce a daina koyar da kimiyya saboda ba kowa zai zama likita ba. A cikin ɗaruruwan da ke wannan makaranta, ko mutum biyu ne suka kai, sun ishe mu. Su biyun nan ba za a san su ba idan ba a taɓa miƙa musu fensir da launi ba.

Na biyu, wasu suna cewa zane haramun ne. Hukunci na malaman addini ne, mu ɗalibai ne. Abin da muka ji suna magana a kai shi ne surar abu mai rai. To zayyanar allon da ake yi wa mai saukar Alƙur'ani fa? Aikin da ke gaban rigar liman ranar Juma'a fa? Dagin da ke jikin soro, da hular da ke kan shugaban makarantarmu, da faifan da ke rufe da tuwo? Duk zane ne, wani ne ya tsara su. Babban masallacin Zariya na dā, wanda masu karatun gine-gine ke zuwa kallon bakan gizonsa har yau, Babban Gwani Muhammadu Durugu ne ya gina shi da ƙasa a ƙarni na 19.

'Yan matan ajinmu sun ce lallai a saka maganarsu. Da yawansu suna ɗinkin hula bayan an tashi, wasu suna zanen lalle ranar biki ana biyansu, da kuɗin suke sayen littafi da sabulu. Mai ɗinkin hula tana ƙirga zare, tana raba gida-gida, dama ta yi daidai da hagu, idan ta ɓata ɗaya dukan layin ya karkace. Yarinyar da ke yin wannan a gida ita ce ake ce wa ba ta da kan karatu a makaranta. Suka ce a tuna wa kowa ya ciro naira ashirin ya juya bayanta. Matar da ke zaune tana gina tukunya Ladi Kwali ce, daga garin Kwali. A wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi ginin tukwane. A 1954 ta shiga cibiyar koyar da tangaran da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yanzu, ta haɗa abin da ta taso da shi da sabon salo, tukwanenta suka je Ingila da Amurka. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa na Dokta.

Labarinta yana iya zama hujja a kanmu, domin wani zai ce ga shi nan, ba ta yi jami'a ba ta ɗaukaka, kakanninku ma ba su da digiri. Haka ne. Kuma duk wanda ya yi digiri ya dawo yana yi wa marini kallon jahili, ya yi asarar kuɗin ubansa. Gwaninta a hannun tsofaffin take. Abin da mai dogon karatu zai ƙara shi ne ya auna ya rubuta: toka nawa, baba nawa, kwana nawa, don a iya maimaitawa ko bayan ransu. Ya gwada yadda launin zai daina zuba a wanki ga masu son haka. Ya fito da sabon fasali da matasa za su so sawa. Ya san yadda ake yi wa kaya rajista don kada wani ya kwafe ya ce nasa ne. Ya iya tsayawa gaban mai saye daga wata ƙasa ya faɗi farashi da bakinsa, ba ta hannun dillali ba.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Me ya sa makarantu da yawa ba su da malamin zane? Malamin ƙaramar sakandare daga kwalejin ilimi yake fitowa. Masu koyarwa a kwalejin ilimi kuwa ana son su da babban digiri. Idan 'yan yankinmu ba su hau sama a wannan fanni ba, masu horar da malaman za su yi ƙaranci, malaman su yi ƙaranci, sai a ɗauko malamin wani darasi a ce ya riƙe CCA, shi ma bai taɓa riƙe burushi ba. Ba laifinsa ba ne. Yaran da ya koyar su taso suna ganin zane ba komai ba ne, su ma ba za su karanta shi ba. Haka abin zai yi ta zagayawa kamar jakin da aka ɗaure a turke.

Saboda haka muna roƙon shugaban makaranta, cikin ladabi, a bar wa CCA lokacinsa. Shara a yi ta da safe kamar yadda aka saba. Ba mu ce a sayo kaya masu tsada ba. Yumɓu yana nan a fadama kyauta, karan dawa da kaba da bawon albasa da lalle duk suna ba da abin aiki ko launi, tsofaffin buhuna kuma ba sa ƙarewa a garin shinkafa. Muna roƙon ko sau ɗaya a zango a gayyato marini ko maɗinkin riga ko mai saƙar faifai ya zo ya nuna mana, a ba shi kujera a gaban aji kamar kowane malami. Idan an tashi kai mu ziyarar ilimi, a haɗa da marinar Ƙofar Mata da Gidan Makama a Kano, amma a fara da karofin da ke cikin garinmu, wanda ko kuɗin mota ba ya buƙata. Malamin da ke ba 'yan aji uku shawara kan abin da za su zaɓa a babbar sakandare kuma, idan ya lissafa likita da injiniya da lauya, don Allah ya ƙara da wannan, ya faɗa musu har ina yake kaiwa.

Mu ma ɗalibai akwai namu. Ƙungiya ta bar fili a gefen dama na wannan allo. Kowa ya je gida ya tambayi kakansa ko kakarsa sunan zane guda ɗaya, na riga ko na hula ko na faifai ko na rini, ya zana shi a takarda, ya rubuta sunansa da unguwar da aka samo shi a ƙasa. A kawo wa sakataren ƙungiya kafin ranar Alhamis ta sama. Wanda ba shi da fensir mai launi ya yi da biro, za mu karɓa.